Shekarar da Gobirawa Suka Ba Mushe Hamani Ziro

Ku yaran yanzu, da an ambaci aikin jin ra'ayin ɗalibai sai ku taɓe baki. Wai me ke ciki? A tura tambayoyi ta waya, kowa ya danna, ordinatar, wato kwamfuta, ta haɗa lissafi, a kai wa manya. Yarinyar da aka kawo ta gaji kujerata ma haka ta ce mini makon jiya: "Baba Isuhu, ai wanga aiki ko ina gyangyaɗi ina yin shi." Na ce madalla, Allah ya ƙara basira. Ni ma na taɓa ganin haka, kuma saura ƙiris in raba mutumin kirki da aikinsa. Tunda na kusa ajiye aiki, ku gyara zama ku ji.

Jami'ar da nake wa aiki tana da sashen noma da kiwo. Kowace shekara ana tura ɗalibai istaj, wato koyon aiki a fili, a ƙauyukan Tasawa da Mayahi. In sun gama, ni nake bin su da takardun tambayoyi: me kuka koya, me ya yi muku yawa, me ya yi kaɗan, me za a gyara. In dawo da takardun, in tace su, in rubuta rahoto. Da rahoton nan manya ke zama su tsara karatun baɗi, su ce wane darasi za a ƙara wa kwana, wane za a rage, wane malami za a sake kira. Abin da ɗalibi ya rubuta a gindin gawo yana iya sauya tsarin shekara guda.

Kayan aikina na farko ba su da yawa. Akwai keken rubutu mai maƙale haruffa, da injin roneyo da ake juyawa da hannu, wanda ke bar mini tawada har gwiwar hannu. Akwai kwalin sabulu da muka tsaga wa baki kamar asusu, muka liƙe sauran ko'ina, don ɗalibi ya jefa takardarsa ba wanda ya gani. Sai roba ta ɗaure takardu, da buhun leda saboda ruwa, da damin bik, wato alƙaluman rubutu. Bik ɗin nan kuwa in ka raba ashirin, ka yi sa'a in goma sun dawo. Har yau ban ga ɗalibin da ya ɗauki tafiya da bik a matsayin laifi ba.

Wadda ta koya mini aikin sunanta Madan Saratu. Gajeruwa ce, da tabarau rataye a wuya, mijinta na wa'azi a wata ƴar coci kusa da Tasawa. Fitarmu ta farko Maijirgi muka je, motar kasuwa ta sauke mu a bakin hanya, muka ƙarasa a amalanken jaki. Don in nuna mata ni ma na yi lakkol, na sha boko, na ce ta huta, ni zan raba takardu. Ta ce bismilla. Ɗalibai suka zauna a tabarma ɗaya, sun kewaye babbansu, malaminsu na kan kujera kusa da su yana kaɗa ƙafa. Kafin in gama shan ruwa sun gama. Na kawo mata kwali ina murmushi. Ta zaro uku ta duba. Duk abu ɗaya: komai ya yi kyau, mun gode.

"Isuhu," ta ce, "wagga ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Ka taɓa tambayar Bahaushe ina gajiya ya ce maka akwai?"

Ta tashi ta lallaɓi malamin ya tafi gidan maigari shan fura. Ta watsa ɗaliban, wannan gindin aduwa, wancan bayan rumbu, babbansu kuwa ta kai shi can nesa inda ba mai leƙa takardarsa. Kafin ta ba kowa sabuwar takarda ta tsaya a tsakiyarsu ta ce, "Ɗiyana, ku saurara. Takardar ga ba ta san kunya ba, ba ta san wasa ba. Abin da kunka rubuta shi za a ɗauka, shi za a yi aiki da shi." Duk inda muka je sai ta faɗi wannan magana, ko da rana na dukan ƙeya, ko da mota na jira. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne irin na tsofaffi.

Ita ta koya mini yadda ake tambaya. Ba ka ce wa ɗalibi, malaminka ya iya koyarwa? Wane ɗan mutunci zai ce bai iya ba? Sai ka ce, wace rana ce a istaj ɗin nan kake so a maimaita, wace rana ce ka wuni zaune ba ka taɓa komai ba. Ita kuma ta koya mini juya takarda. Ɗalibi yakan cika gaba da abin da yake ganin manya na son ji, in ya zo baya, inda babu layi babu akwati, nan yake sakin jiki. A bayan takarda muka gano cewa an yi wa wani aji mako guda ana koya musu injin ban ruwa a allo, ba wanda ya taɓa ganin injin. Muka sa a rahoto. Da shekara ta zagayo aka kawo injin na gaske, aka kwance shi a gabansu, kowa ya sha baƙin mai a riga yana murna. Ranar na fara jin daɗin aikin nan har cikin raina.

Masu hulɗa da mu kuwa, wato malamai, kowa da halinsa. Wani ba ya ko tambaya. Wani da ya ga na dawo da kwali sai ga shi a ƙofar biro, wato ofishina, da ƙwan zabi a leda, wai ya tuna ina so. A yi gaisuwa, a tambayi iyali, sannan a gangaro: "Isuhu, mi yaran nan sunka ce? Bari in ɗan ga rubutun kawai." Na san abin da yake nema, yana son ya gane hannun wanda ya soke shi. In karɓi ƙwai in yi godiya, in ce takarda ba ta fita daga kwali sai ta zama rahoto. Na ci ƙwan zabi da yawa a aikin nan, ban taɓa nuna rubutun ɗalibi ko ɗaya ba.

Cikin malaman akwai Mushe Hamani, wato Malam Hamani in an bi kiran Faransanci, mai koyar da sanin ƙasar noma da taki. Bazabarme ne dogo, Hausarsa a karkace, kuma ba ma'aikacin dindindin ba ne, kowace shekara ake kiransa. In ya shiga gona sai ya damƙi ƙasa ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗanɗana, ya gaya maka abin da aka shuka a wurin bara. Ɗalibanmu da yawa ƴan Mayahi ne, Gobirawa, kun kuwa san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Wasa ne na gado, ba a fushi. Da safe ya ce, "Ina bayina?" Su ce, "Ga mu, bawanmu, ka kwana lahiya?" Su ce yunwar kopto ce, kwaɗon zogalen nan nasu, ta koro shi ƙasar Hausa, shi ya ce ya zo ne ya koya wa Gobirawa bambancin taki da tuwo. A haka ake karatun, kuma karatun na shiga. Manoman Maijirgi kansu sukan bar aikinsu su biyo ajin.

Shekarar da abin ya faru, Madan Saratu ta yi ritaya, aka kawo mini ordinatar, aka kuma sauya takardar. Aka sa akwatuna a gaban sunan kowane darasi, daga ziro zuwa biyar, ɗalibi ya soka alama a ɗaya. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na zama mai biro, ga na'ura, ga kujera mai juyawa. Ajin da zan ji ra'ayinsu suna Gidan Amumune. Na isa ran kasuwa, direban da ya kawo ni ya ce in ban fito kafin la'asar ba zai tafi ya bar ni. Na watsa ɗalibai yadda aka koya mini, amma maganar nan ta Madan, ta kunya da wasa, na ce a raina manyan yara ne, sun sani. Na raba, na tattara, na kama mota. Na lura wasu na rubutu suna ƙyalƙyala dariya, na ce ƙuruciya ce.

A biro na zauna na zuba lambobi a ordinatar. Gaba kawai nake dubawa, in danna, in ajiye, in ɗauki wata. Ban juya ko ɗaya ba. Na'ura ta jero darussa daga sama zuwa ƙasa, sai ga darasin Mushe Hamani can ƙarshe, ziro a kan ziro. Na ɗan yi mamaki, amma na ce ai lissafi ne, wa zai yi gardama da shi? Na sa hannu na miƙa.

Diraktan sashen sabo ne a lokacin, mutum mai son aiki, ba shi da laifi ko kaɗan. Dama ana neman darasin fili ɗaya da za a mayar cikin aji a birni, ga rahoto ya nuna wanda ɗalibai ba sa so. Taro ya yanke cewa darasin ƙasa zai koma allo, Mushe Hamani kuma ba za a kira shi baɗi ba. Ranar Alhamis mai zuwa za a sa wa takardar hannu. Shi bai sani ba, yana can garinsu.

Ranar Lahadi na je Tasawa gaida Madan Saratu. Na same ta ta dawo daga coci, tana zaune tana ɓarar gyaɗa a faranti. Cikin hira na ba ta labari, har ina cewa mutum ba ya sanin abin da ke cikin ran yara, dubi yadda suke dariya da shi ashe ba sa son darasinsa. Ta ajiye farantin.

"Ka yi musu magana kahin ka raba?"

Na ce mota na jira.

"Ka karanta baya?"

Na ce ban juya ko ɗaya ba.

"Isuhu, ajin ga Gobirawa nawa na ciki?"

Wallahi nan take na gane, kusan duka ne. Ban iya cin gyaɗar da ta zuba mini a hannu ba. Ta ce, "Tashi ka tahi. Gaisuwar ta isa."

Litinin da sassafe na buɗe kwali na shiga juya takardu. Ga abin da na tarar. Wani ya rubuta, "Ziro, don ya cinye mana zogalen maigari." Wata ta ce, "Na so in ba shi ƙasa da ziro, ban ga akwatin ba." Wani ya zana mutum dogo yana lasar ƙasa. Amma a ƙasan takardun nan, inda aka tambayi wane darasi kake so a ƙara wa kwana, duk masu ziron nan sunan darasinsa suka rubuta. Wasu har da ja masa layi biyu. Tambayar ba ta da akwati, shi ya sa ban zuba ta a na'ura ba. Na zauna ina dariya ina zufa, don abin da ban dariya, amma aikin mutum ne a kan layi, kuma hannuna ne a ƙasan rahoton.

Na kwashi takardun na shiga wurin Dirakta. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, kuma babba ne." Na karanta masa guda biyar. A ta uku ya cire tabarau, a ta biyar yana dukan tebur yana share hawaye. Shi Babarbare ne, ya san irin wasan da suke yi da Fulani. Da dariya ta lafa ya ce, "Malam Isuhu, na gane. Amma taro ba zai warware hukunci don mun yi dariya ba. Kira mini waɗanda suka rubuta wannan su zo su faɗa da bakinsu."

Na ce takardun ba su da suna, kuma ko na gane hannun wani ba zan faɗa ba. In na yi haka sau ɗaya, ba ɗalibin da zai sake rubuta mana gaskiya. Na roƙe shi ya bar ni in sake tambayar ajin gaba ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Alhamis da hantsi nake sa hannu. In ka kawo kafin nan, to."

Ajin sun riga sun koma Issawane, suna koyon kiwo a bakin rijiya wurin makiyaya. Talata na kama mota zuwa Gidan Amumune, daga nan na hau babur ɗin kabu-kabu. Rairayin hanyar nan sau biyu yana kayar da mu, kwali na ɗaure a bayana kamar goyo. Na isa da azahar, na same su suna taya wani Bafillace jan guga. Na tara su a inuwa, na tsaya a tsakiya, na faɗi maganar da ya kamata in faɗa tun farko. Sannan na gaya musu abin da zironsu ya jawo, na ce laifin nawa ne, ba nasu ba.

Shugabar ajin wata yarinya ce ƴar Mayahi, Rabi, mai baki kamar reza. Ta miƙe tsaye.

"Baba Isuhu, mi kake nuhi? Za a kori bawanmu?"

Na ce in ba mu gyara ba, jibi.

"Yo in anka kore shi, wa za mu zaga?"

Wasu suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Rabi ta koma ta zauna, ta rufe fuska da gyale. Wani ya ce a hankali, "Wallahi mu mun ɗauka shi za a kai ma takardun ya karanta, ya biyo mu da sanda." Ashe duk tsiyar nan saƙo ce suka aika masa, ba su san na'ura ce za ta karɓa ba.

Ban taɓa ganin aji ya yi rubutu irin na ranar ba. Har la'asar suna duƙe, wasu suka nemi ƙarin takarda. Kuma ba yabo kawai suka zuba ba, abin da ya fi faranta mini rai ke nan. Sun ce ana kawo su darasin ƙasa bayan girbi, gona ta bushe, sai dai a ce musu da damina kaza ke faruwa, su suna so su gani da ido. Sun ce a riƙa gayyato tsofaffin manoma cikin darasin, tunda dama suna biyo su. Shi kansa Mushe Hamani ba su ƙyale shi ba: yana sauri in yana magana, yana sauri in yana tafiya, kuma ba ya ba su komai a rubuce, in an koma birni rabi ya zube. A ranar bik ɗina duka suka dawo, abin da bai taɓa faruwa ba.

Laraba na wuni a hanya da kan rahoto. Alhamis da safe na ajiye shi a teburin Dirakta, gaba da baya, lamba da magana. Taro ya sake zama. Darasin ƙasa ya tsaya a fili, aka mayar da shi farkon damina, aka ƙara masa kwanaki, aka ce malamin ya riƙa raba takaitaccen bayani a rubuce. Da na fito daga ɗakin taron sai na yi hamdala don murna.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ruwa ya sauka, aka kai ajin nan Maijirgi tare da Mushe Hamani don su ga abin da suka roƙa. Kwana huɗu da farawa na je duba yadda sabon tsarin ke tafiya. Na tarar da shi zaune shi kaɗai a bakin gona, ya sa malfarsa a gwiwa, fuska ba walwala. Ya jawo ni gefe.

"Isuhu, gaya mini gaskiya. Mi na yi ma yaran ga?"

Na ce me ya gani.

"Suna durƙusa mini. Suna ce mini ranka ya daɗe. Na ce ina bayina, sunka ce ga mu Mushe, da ladabi. Jiya Rabi ta kawo mini ruwa da hannu biyu. Rabi! Kwana huɗu ba wanda ya zage ni. Ko abinci ba ya mini daɗi."

Tsoro ne ya kama su. Sun ga wasa ya kusa cin aikinsa, sai suka ɗaure bakinsu gaba ɗaya. Na ga ba makawa, na zauna na ba shi labari tun daga ran kasuwar Gidan Amumune, ban ambaci wanda ya rubuta kaza ba, na kuma nemi gafararsa. Ya juya malfarsa a gwiwa. Can ya ce, "Ziro? Su duka?" Na ce kusan duka. Sai na ga fuskarsa ta washe. "Ja'irai," ya ce. "Gobirawan banza." Ya maimaita ta kusan sau uku, kamar mai kiran sunan jikokinsa.

Da yamma na kira Rabi na ce mata, a takarda kawai aka hana wasa, ba a gona ba. Mutumin nan kuna kashe shi da ladabi. Ta ce, "Baba Isuhu, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ta ce, "To shi ke nan," ta juya tana kiran sauran.

Washegari da safe Mushe Hamani ya fito kai ba hula yana neman malfarsa. Can bakin gona ga jakin amalanke a tsaye, an ɗaura masa malfar da igiya, ɗalibai sun yi layi, kowa ya zo ya durƙusa gaban jakin ya ce, "Ina kwana, Mushe? Yau wace ƙasa za mu lasa?" Manoma sun dafa hauyoyinsu na noma suna ta dariya. Ya tsaya ya dube su, ya sunkuya ya zari karan dawa, ya bi su da gudu cikin jiƙaƙƙen rairayi yana zaginsu da Zabarmanci, su suna watsewa suna ihu. Da ya zo wucewa ta gabana yana haki, ido cike da hawayen dariya, ya ɗaga karan ya ce, "Isuhu, sa a rahotonka. Yarana sun warke."